Daren farko na sabon wasan kwaikwayo: harshen da ake ji da matsalar rubuta shi

0. Gabatarwa

Idan wata ƙungiyar ƴan wasa a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ta sanar cewa za ta fito da sabon wasa ranar Asabar da dare a gidan matasa, wanda ya yi karatunsa da Faransanci yakan ɗauka ya gane abin da ake nufi: akwai marubuci, akwai littafi, ƴan wasa sun haddace, ga kuma ranar da za a nuna ma jama'a karo na farko. Wannan shi ne abin da Faransawa ke kira première. A wasan kwaikwayon Hausa na Nijar kuwa, irin wanda ya bunƙasa tun daga shekarun 1970, mafi yawan lokaci babu littafi kafin wannan dare, kuma bayansa ma ba lalle ne a samu ba. Maganganun da ƴan kallo za su ji, wasu an gwada su, wasu nan take za a haife su, wasu kuma ƴan kallon ne da kansu za su faɗe su.

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu bayyana abin da ke faruwa da harshe a daren da aka fara nuna sabon wasa, sa'an nan mu duba yadda ya kamata a mai da shi rubutu. Dalilai biyu suka sa. Na farko, ɗalibanmu da dama suna ɗaukar wasan kwaikwayo a matsayin abin nazari don kundin kammala karatu, su samo kaset ko bidiyo guda ɗaya, su juye shi a takarda, su gyara Hausarsa, su ce ga "matanin wasan". Na biyu, kundin tsarin ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, za a nemi littattafan Hausa na makaranta, kuma wasannin kwaikwayo na cikin abubuwan da za a fara laluba. Gara mu san abin da muke rubutawa tun kafin a buga.

1. Sunan abin

Kalmomi uku ke yawo a bakin mutane: wasa, wasan kwaikwayo, da teyatur. Ta ƙarshen aro ce daga théâtre, kuma a wannan gefen iyaka aka san ta. Ta zauna cikin Hausa sosai, tun da ana cewa ɗan teyatur da ƴan teyatur. Wasan kwaikwayo ita ce ta littattafai da ta rediyo, ita ce kuma aka fi sani a Nijeriya. Wasa kuwa faɗinta ya fi na sauran biyun: akwai wasan yara, wasan ƙwallo, wasan kara, wasan taubasai. A cikin duk waɗannan ma'ana ɗaya na nan kwance, wato kishiyar gaske. Abin da aka faɗa cikin wasa ba a kai shi gaban alƙali. Wannan rumfa ce ƴan wasa suka daɗe suna fakewa a ƙarƙashinta idan za su taɓa manya.

Ita première ba ta da takwara guda ɗaya a Hausa. Wasan farko na iya nufin wanda aka fara yi cikin jerin wasannin dare ɗaya. Ƙaddamarwa tana kawo hoton littafi da manyan baƙi da alƙawarin kuɗi. Abin da ƴan wasa ke faɗa shi ne fito da sabon wasa, kamar yadda ake fito da sabuwar waƙa. Mu a nan za mu riƙa cewa daren farko, ko da yake mun san kalmar tana tuna ma mutane da amarya. Kamannin bai yi nisa ba: a daren ne ake sanin abin da aka ɗauko.

2. Inda al'adar ta samo tushe

Ba za mu daɗe a nan ba, don wasu sun riga sun yi aikin. Janet Beik ta wallafa littafi da Ingilishi a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, kuma tun daga sunan littafin ta kira shi fasahar baka ta zamani. Chaibou Dan Inna ya yi rubuce-rubuce da Faransanci kan wasannin Hausawa, har da littafi guda a kan Yazi Dogo a 2015.

A taƙaice, rassa biyu ne. Akwai na makarantar boko, wanda ya faro daga makarantar William Ponty a Senigal a shekarun 1930, inda ɗalibai daga ƙasashen da Faransa ke mulki suke shirya wasanni da Faransanci. Daga wannan reshe aka samu Mahamane Dan Dobi a shekarun 1950, daga baya kuma André Salifou, wanda ya rubuta wasa kan Tanimun, sarkin Damagaram da ya rasu a 1884, aka buga shi a Faransa a farkon shekarun 1970. Wannan reshen yana da marubuci da littafi, kuma kalmar première ta dace da shi.

Ɗaya reshen shi ne na harsunan gida. Yana da dangantaka da tashe na watan azumi, da ƴan kama, da wasan kara na Damagaram inda samari ke kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan gwamnati. Amma abin da ya ba shi dandamali da ƴan kallo masu yawa shi ne rediyo da hukuma. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, inda Yazi Dogo ya yi suna, ta shiga gidaje ta Muryar Sahel, daga baya ta tele. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan biranen jahohi bakwai na wancan lokaci: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Yamai da Damagaram. Kowace jaha sai ta zo da sabon wasa, bayan an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan garuruwa. Wato ke nan kowace shekara ana samun darare na farko masu yawa a faɗin ƙasa, kuma ƙalilan ne ƙwarai daga cikin wasannin suka kai ga takarda.

A ƙetaren iyaka lamarin ya ɗan bambanta. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo suka fara, amma an buga su littafi wajen 1959 da 1960, aka sa su cikin manhajar makarantu. Shi ya sa ɗalibin da ya fara sanin wasan Hausa ta waɗannan littattafai yakan zo yana neman irinsu a Nijar.

3. Kafin daren

Sabon wasa yakan fara ne da labari a bakin mutum ɗaya, sau da yawa jagoran ƙungiya. A zamanin bikin matasa jigon kan zo daga sama: haɗin kan ƙasa, cin rani, tsadar aure, kai yara makaranta, rashawa. Yau kuma ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu ne kan ba da jigo tare da kuɗin aiki. Ana zama a tattauna labarin, a raba shi fitowa-fitowa, a ce a fitowa ta farko Alhaji zai hana ɗiyarsa komawa lakkwal, a ta biyu mushe zai zo ba shi haƙuri, a ta uku gwaggon yarinya za ta shigo da maganar mai kuɗi. Idan an rubuta wani abu, to wannan ƙwarangwal ɗin ne, shafi ɗaya ko biyu, kuma abin mamaki sau da yawa da Faransanci, domin da shi malaman makaranta da ma'aikatan da ke cikin ƙungiyar suka koyi riƙe alƙalami.

Naman da za a ɗora bisa ƙwarangwal a wurin gwaji ake samo shi. Kowane ɗan wasa ya san wane ne shi, ya san abin da yake nema a fitowar, ya san kuma maganar da za ta rufe ta. Abin da ke tsakani nasa ne. Maganar da ta ba abokan wasa dariya a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta. Bayan makonni ana maimaitawa, wasu jimloli sukan daskare har su zama kamar haddatattu, musamman karin magana, kirari, da amsoshin da wani ke jira kafin ya shigo. Sunan wasan ma karin magana ne galibi, irin su girman kai rawanin tsiya, don mai sauraron sanarwa a rediyo ya san inda aka dosa tun bai sayi tikiti ba.

Abin da gwaji ba ya iya bayarwa shi ne ƴan kallo. Mutum goma sha biyar da suka ji barkwanci ɗaya sau ashirin sun daina zama ma'auni.

4. A daren

4.1 Karin harshe

A dandamalin da kayan ado ba su wuce tabarma da kujera da tebur ba, baki ne ke gaya ma ƴan kallo ko wane ne ya shigo. Kafin ɗan wasa ya gama sallama an san garinsa, da sana'arsa, da matsayinsa. Dubi waɗannan jimloli biyu:

(1) a. Shi ne ya zo da rigar sarki.
b. Shi na yaz zo da rigas sarki.

Ma'anarsu ɗaya. Ta farkon ita ce ta daidaitacciyar Hausa, mai tushe a Kananci. Ta biyun irin ta yamma ce, wadda ake ji daga Gobir zuwa Adar. Bambanci uku ke cikin wannan ƴar gajerar jimla: na a madadin ne, ninka baƙi a yaz zo, da nashewar r cikin s a rigas sarki. A ƙara da sunka da munka a madadin suka da muka, shina a madadin yana, tahi da hwaɗi a madadin tafi da faɗi, biyat a madadin biyar. Ɗan wasan da ya ƙware ba ya kwaso su duka. Biyu ko uku yake zaɓa, ya matsa musu, ƴan kallo su cika sauran da kansu.

Abin lura shi ne, darajar kowane kari ta danganta ga garin da ake wasan. A Tawa, (1b) maganar gida ce, ba mai yi mata dariya. Wanda ya shigo da (1a) shi ne baƙo, ko dai ɗan cin ranin da ya dawo daga Kano yana taƙama, ko mai kwaikwayon ƴan rediyo. A Damagaram kuwa (1b) ita ce ta baƙo. Saboda haka wasan da aka fito da shi a Tawa, in an kai shi Damagaram, ɗan gida ya koma baƙo ba tare da an canza masa kalma ko ɗaya ba, kuma fitowar da aka gina bisa wannan bambanci tana iya mutuwa. Ƙungiyoyin da suka saba tafiya sun san haka, sukan gyara a hanya.

Haka kuma kwaikwayon Hausar wanda ba Bahaushe ba: mai sa namiji a wurin mace, mai cewa kasa a wurin ƙasa, mai ƙidayar kuɗi da naira alhali ana yi masa ciniki da dala da jika. A nan taubasantaka ce ke shata iyaka. Bafillace da Babarbare, Ba'are da Bafillace, Bagobiri da Bazabarme, kowa na da izinin tsokanar ɗan'uwansa, kuma wannan al'ada ta Nijar ta shiga jerin kayan gadon UNESCO a 2014. Inda akwai wasa tsakani, kwaikwayon baki kyauta ce, wanda aka taɓa shi ya fi kowa dariya. Inda babu, maganar nan ɗaya na iya zama cin fuska. A wurin gwaji ba a iya tantancewa, domin ƴan ƙungiya sun san juna. Sai a daren farko, idan wani ɓangaren fili ya yi tsit a inda ake jiran dariya.

4.2 Faransanci

Faransanci a bakin ɗan wasan Hausa tufafi ne, kamar kwat da tabarau. Ga misalin da muka tsara bisa salon da kowa ya sani, ma'aikacin biro da mai neman takarda:

(2) Bon, Alhaji, dosiyenka bai cika ba. Il manque le timbre. Ka dawo demain matin, wato gobe da sahe.

Abubuwa uku ne a nan, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Dosiye ta ɗauki -n da -ka, ta bi ƙa'idar mallaka ta Hausa, saboda haka ararriyar kalma ce kamar lakkwal da jandarma da kamyo. Il manque le timbre jimlar Faransanci ce sukutum, an ajiye ta don nuna iko. Ko Alhaji bai gane ba, ya gane cewa an fi shi. Na ukun shi ne demain matin, wato gobe da sahe. Wannan fassara ba don Alhaji aka yi ta ba. Don ƴan kallo aka yi ta, saboda labarin ba zai tafi ba in ba su san cewa gobe za a dawo ba. Muna jan hankalin ɗalibai a nan: wanda ya ɗauki irin wannan jimla ya kafa hujja da ita kan yadda ma'aikatan Nijar ke surka Hausa da Faransanci a rayuwar yau da kullum, ya auna dabarar dandamali ne. Ma'aikacin gaske ba ya yawan fassara kansa.

Inda harsunan biyu suka fi yin aiki shi ne fitowar tafinta, wadda wasannin da ke komawa zamanin mulkin mallaka ba su cika rasa ta ba. Ga wani misalin namu:

(3) Kwamandan: Dis-lui que l'impôt doit être payé avant la fin du mois.
Tafinta: Ya ce ku kawo lanho kahin wata shi mutu, da rago biyu na gaisuwa.
Mai gari: Ranka shi daɗe, bana hatsi bai yi ba, ko iri ba mu maida ba.
Tafinta: Il dit qu'il est très content, mon commandant.

Ƴan kallo a nan kashi biyu ne. Masu jin harsunan biyu suna dariya a layi na biyu, da zarar sun ji ragunan da Bature bai ambata ba, su sake yi a layi na huɗu. Masu jin Hausa kaɗai ba su da hanyar gane ƙaryar ta kunne. Sai dai su gane ta daga dariyar na kusa da su, ko daga murmushin kwamandan bayan an ba shi labarin yunwa, ko kuma wani ya raɗa musu. Don haka dariyar takan zo hawa biyu, da ɗan jinkiri tsakani. Idan mai yin tafinta ya yi gaggawa, sai ya taka hawa na biyu, rabin fili ya tashi bai san abin da ya faru ba. Tsawon wannan jinkiri, da yawan Faransancin da fili zai iya ɗauka kafin ya gundura, ba a sanin su sai an gwada a gaban jama'a, kuma amsar Yamai dabam take da ta ƙauyen da babu sakandare.

4.3 Ƴan kallo

Ƴan kallon wasan Hausa ba sa zama shiru. Suna yi ma azzalumi Allah wadai, suna gargaɗin wanda za a cuta, mata na guɗa in an ɗaura aure. Wannan kowa ya sani. Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne yadda suke shiga cikin jimla. Ɗan wasa ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ya tsaya, ya buɗe hannu. Fili ya amsa da sauran. Jimlar ɗaya ce, masu ita biyu. A wurin gwaji ɗan wasan shi ke faɗar ta duka. A daren farko ne yake gane waɗanne karin magana zai iya yankewa a tsakiya, waɗanne kuma matasan yanzu ba su san ƙarshensu ba, sai ya ƙarasa da kansa. Ga mai son sanin karin maganar da ke raye a wani gari, wannan gwaji ne da ya fi takardar tambayoyi gaskiya.

Wani lokaci kuma mai kallo ya jefo magana, ɗan wasa ya cafe ya mayar masa, fili ya ɗauka. In ta yi daɗi, gobe za a ji ta cikin wasan, a bakin wani daga cikin ƴan wasa, ba wanda zai tuna daga inda ta fito.

Sakamakon duk wannan shi ne, wasan dare na biyu ba shi ne na daren farko ba. An yanke fitowar da ta yi tsawo, an faɗaɗa wadda ta samu karɓuwa, an sassauta maganar da ta sa wani babba a layin gaba ya ɗaure fuska. In an je gasa, a sake datse shi don lokacin da alƙalai suka ƙayyade. In an je tele, a yi shi gaban kyamara, sau da yawa babu ƴan kallo, karin maganar da fili ke ƙarasawa ta koma bakin ɗan wasa ko ta ɓace. Wanda ya fi saurin faɗowa hannun ɗalibi kuwa shi ne na telen.

5. Mai da shi rubutu

Tambayar "wane ne ainihin wasan" ba ta da amfani sosai. Kowane nuni matani ne mai zaman kansa. Abin da ake bukata ga mai juyewa shi ne ya faɗi wanda ya juye: wace rana, wane gari, wane fili, nuni na nawa, da ƴan kallo ko babu. In Allah ya sa ya samu biyu, na daren farko da wani na baya, to ya samu abin nazari na gaske, domin a tazarar da ke tsakaninsu ake ganin aikin ƙungiya da na jama'a. Yau da kusan kowa ke da wayar ɗaukar bidiyo, wannan ya fi sauƙi a kan zamanin kaset, sai dai a nemi izinin ƙungiya, a kuma ajiye waya inda za ta kama muryar fili, ba ta dandamali kaɗai ba.

Babbar matsalar ita ce ta ƙa'idar rubutu. Tun taron Bamako na 1966, da na daidaita rubutu tsakanin Nijar da Nijeriya da aka yi a Yamai a 1980, har zuwa dokar ma'aikatar ilimi ta 1999, abin da aka tsayar shi ne haruffa da yadda ake raba kalmomi da haɗa su. Ɗalibai da yawa sun fahimci ƙa'idar a matsayin umurnin mai da kowace magana Kananci. Sai ka ga (1b) ta koma (1a) a kundi, an share kahin an sa kafin, an share shi mutu an sa ya mutu, mai gari da tafinta da ɗan cin rani duk sun koma magana da baki ɗaya. Sa'an nan a babi na gaba ɗalibin ya rubuta cewa wannan fitowa tana da ban dariya, mai karatu ya duba ya rasa inda dariyar take. A ganinmu, bayanin mai nazari da umurnin dandamali su bi daidaitacciyar Hausa, maganar ƴan wasa kuwa a rubuta ta yadda ta fito, da haruffan da ƙa'ida ta tanada. Haruffan sun isa: yaz zo da hwaɗi ba su bukatar wani sabon baƙi.

Faransancin ma a bi shi da wannan hankali. Abin da ya ɗauki ɗafin Hausa a rubuta shi da Hausa, kamar dosiyenka. Abin da ya fito a jimlar Faransanci a bar shi da rubutunsa. Akwai na tsakiya mai wuya, wato gurɓataccen Faransancin tsohon soja ko na gardi, wanda gurɓatar ce abin dariyar. Wannan in aka gyara shi an kashe shi, in aka rubuta shi da haruffan Hausa kuma mai karatu ba zai gane kalmar da aka karya ba. Mun fi son a rubuta yadda aka ji, a kawo daidaitaccen a ƙasan shafi.

Saura tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Duba wannan:

(4) Maƙwabci: Uwargida, yaya gari?
Uwargida: Gari ya ƙare tun jiya, sai tsaki.

A kunne, garin maƙwabci gajeren wasali gare shi, na uwargida kuwa dogo: shi yana gaishe ta da labarin birni, ita ta amsa masa da na tuwo. Tsaki kuma biyu ne: mai gajeren wasali shi ne ragowar niƙa da ake ba kaji, mai dogo shi ne ƙarar da baki ke yi don ɓacin rai, kuma ƴar wasan tana iya faɗar na farko ta bi shi da na biyu tana hararar mijinta. A takarda duka sun zama gari da tsaki. Rubutun yaƙi da jahilci na bayan taron Bamako yana ninka dogon wasali, da shi da an ga gaari a fili. An bar wannan hanya don a daidaita da Nijeriya, kuma ba mu ce a koma mata ba. Amma a wurin da wasa da kalma ya rataya ga tsawo ko kari, a nuna shi a wannan kalmar kaɗai. Ba zai wuce wurare ƙalilan a wasa guda ba.

Muryar ƴan kallo a ba ta nata layi, kamar kowane ɗan wasa, a duk inda suka ƙarasa jimla ko suka jefo maganar da aka amsa. Dariya da shiru a nuna su a gefe, tare da kimanta tsawonsu in ya yiwu, don a fitowa irin (3) jinkirin na cikin ginin maganar.

Za a ce duk wannan na masu bincike ne, littafin makaranta kuwa yana bukatar Hausa guda ɗaya don kada yara su rikice. Akwai gaskiya a ciki ga ƴan aji ɗaya da aji biyu masu koyon haɗa baƙi. Amma wasan kwaikwayo ba a nan ake karanta shi ba. Yaron sakandare a Damagaram da ya ci karo da yaz zo a shafi, ya riga ya ji ta a tasha da kasuwa da rediyo. Abin da bai taɓa gani ba shi ne an rubuta ta. Ɗan Tawa kuma bai taɓa ganin maganar gidansu cikin littafi ba sai an gyara ta.

Akwai kuma batun sunan da za a sa a bangon littafi, wanda ofishin kare haƙƙin mawallafa zai tambaya. Fom ɗin rajista mawallafi yake nema. A wasan da muka bayyana akwai wanda ya kawo labari, akwai wanda ya raba fitowa, akwai ƴan wasa goma ko ashirin da kowannensu ya ƙago maganar bakinsa, sa'an nan ga mai juyewa wanda ya zauna wata da watanni da na'ura a kunne. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce sunan ƙungiya a sama, jagora a ƙarƙashinsa, jerin ƴan wasan daren da aka ɗauka tare da rawar kowa a shafin farko, mai juyewa kuma a kira shi mai juyewa. A yi wannan yarjejeniya a rubuce tun ana ɗaukar bidiyon, lokacin da ƴan ƙungiya ke wuri ɗaya, kuma kuɗi ba su shigo ba tukuna.